Kafet ɗinki na ƙamshin turare, amma yaushe rabon da ki ɗaga shi ki duba ƙasansa?

Ranar da na fara jin tsoron kafet ɗin falona wata Asabar ce cikin Janairu, hazo ya rufe Bauchi ko dutsen bayan unguwarmu ba a gani sosai. Yarona na biyu ya kwana huɗu yana atishawa, hanci a toshe, ido jajir yana ta murza, na ba shi maganin mura har na gaji. Ƙanina ya shigo daga Yelwa sai na ce dan Allah ya kama min mu fitar da kafet ɗin tsakar gida ya sha rana. Muna naɗewa sai ga ƙasa kwance a kan simintin, lukui kamar garin da aka tankaɗe da rariyar laushi, har da zanen saƙar kafet ɗin a jikinta, sai da muka cika abin kwasar shara sau biyu. Kafet ɗin da nake sharewa safe da yamma na bi shi da turaren wuta! Ƙanin nawa ya tsaya yana kallo ya ce "Yaya, ashe gona gare ki a falo, iri kawai ya rage." Ni kam ban yi dariya ba, don a kan kafet ɗin nan yara ke kwanciya suna kallo, a nan autata ke rarrafe tana tsintar abu tana kaiwa baki.

Tun daga ranar na shiga tambaye-tambaye, na tambayi likitan da ke duba yaron, na tambayi masu wanki, na kuma lalata kafet guda da hannuna kafin na gane kan abin. Shi ne na ce bari na rubuto wa 'yan uwa mata, da mazan ma tunda su ke biyan kuɗin sabo in tsohon ya mutu.

Tsintsiya sama kawai take taɓawa, wannan shi ne abin da ya kamata ki fara yarda da shi. Kafet kamar rariya yake, tsinke da ɓawon gyaɗa da takardar alawa su tsaya a sama ki share, amma ƙura mai laushi da yashi su zarce can gindin zaren su zauna. Yashin nan kuma ba zaman lafiya yake ba, duk takun da aka yi gogar gindin zaren yake kamar an sa masa wuƙa, shi ya sa za ki ga hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa kujera ta riga ko'ina tsufa, ta kwanta ta dushe.

Amma ba yashin ne ke sa yaro atishawa ba. Likitan ya ce min abin da ke damun yarona borin jini ne irin na hanci, wato jikinsa ne ba ya shiri da wani abu da yake shaƙa, kuma babban wanda ake zargi a cikin ɗaki wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ke rayuwa a ƙurar gida. Girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, ido ba ya ganinsa, ƙafarsa 8 don dangin gizo-gizo da kaska ne. Ba ya cizo, kada ki haɗa shi da kuɗin cizo. Abincinsa shi ne saɓar fatarmu da ke zuba kullum ba mu sani ba, kin san yadda jiki ke yin fari-fat da hunturu in an sosa, to wannan garin ne tuwonsa. Kashinsa da gawarsa su ne fitinar, su ke tashi in an daki kafet ko yaro ya yi birgima a kai, a shaƙa, sai atishawa da majina da ƙaiƙayin ido, mai asma kuma ƙirji ya riƙe. Da can mutane sun san ƙurar ɗaki na tayar wa wasu da ciwo amma ba a san me ke cikinta ba, sai a 1964 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka gano ƙwaron nan ne. Wani abin mamaki ba ya shan ruwa, daga danshin iska yake zuƙa, shi ya sa in laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 yake wahala ya mutu, in ta haura 70 kuma sai hayayyafa.

Bayan shi akwai kyankyaso, shi ma kashinsa da ɓawon jikinsa na tayar da asma, kuma mu ne ke gayyatarsa da ɓurɓushin abinci tunda a ƙasa muke zama mu ci. Akwai mage ga masu ajiye ta, ba gashin kaɗai ba ne, wani abu ne a miyaunta da fatarta mai maƙalewa, yana iya yin watanni a kafet ko bayan an bayar da magen. Sai fumfuna, ita kuma danshi kawai take jira.

To kin ga a Bauchi kafet maƙiya biyu gare shi kuma karɓa-karɓa suke yi. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu ke kwaso mana ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, ko kin rufe taga kin toshe da tsumma sai ta shigo. A lokacin ƙwaron nan na raguwa saboda bushewa, amma gawarsa da kashinsa suna nan, ga sabuwar ƙura na sauka kullum. Damina na kankama kuma, musamman Yuli da Agusta, sai ɗaki ya yi rima, simintin ƙasa ya riƙa gumi a ƙarƙashin kafet, ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa fumfuna ta biyo shi. Shi ya sa kulawar hunturu daban ta damina daban, da hunturu fitar da ƙura ne aikin, da damina kuma hana jiƙewa.

Mu fara da na kullum. Takalmi dai mun gode Allah al'adarmu ce cirewa a bakin ƙofa, sai dai yaran da ke yawo ba takalmi a tsakar gida su faɗo ɗaki da gudu su ne matsalar, ki ajiye abin goge ƙafa guda biyu, ɗaya waje ɗaya ciki, ki riƙa kakkaɓe su kullum. Abinci kuma a shimfiɗa leda kafin a zauna, ko na yaro ɗaya ne, in an gama a naɗe a kai waje a zazzage, ba a karkaɗe ta nan kan kafet ɗin ba kamar yadda 'yan aikinmu ke yi in ba ki kallo.

Shara da tsintsiya ba laifi ba ce in ita gare ki, amma ki buɗe tagogi, ki kashe fanka, ki fitar da mai asma da jariri daga ɗakin, kada su dawo sai bayan kamar rabin awa ko fi don ƙurar da kika tayar tana daɗewa a iska kafin ta sauka. In ta sauka ki bi kan tebur da talabijin da tsumma mai ɗan danshi. Akwai dabarar da mata da yawa ke yi, a kaɗa omo a bokiti a tsoma tsintsiya a share kafet da shi, wai ya yi haske. Na yi shekaru ina yi, kuma gaskiya yana haske na kwana biyu, amma omon nan ba ya fita, bushewa yake a jikin zaren ya yi danƙo, duk ƙurar da ta zo sai ta manne, shi ya sa bayan sati sai ki ga ya fi da datti ki ƙara yi, haka za ki yi ta zagaye. In dole sai kin jiƙa tsintsiyar don kada ƙura ta tashi, ruwa zalla, ki yarfe shi sosai.

Mai hali ta sayi injin zuƙar ƙura, ko na hannu ne, wallahi ya fi wani sabon labule amfani. In za ki saya ki tambaya ko yana da matacin da ake kira HEPA, wannan yana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙurar da ƙanƙantarta ta kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda ba shi da mataci mai kyau kuwa zuƙa yake ta gaba ya feso miki mai laushin ta baya. Kuma a hankali ake jan sa, ba guje-guje kamar ana mopin ba, ki je ki dawo a wuri ɗaya sau uku ko huɗu, sannan ki canza ki bi ta gicciye. Sau biyu a sati ya isa, da hunturu ki ƙara, duk dai ranar da aka kawo wuta. Ki riƙa juye shi a waje, kada ki bari ya cika, cikakken inji ƙara kawai yake yi.

Wanda ake iya ɗagawa, irin na tsakiyar falo da dardumai, duk sati biyu ko wata a fitar da shi. A rataya a igiya mai ƙarfi ko kan katanga, a dake shi da sanda ta baya ba ta fuska ba, mai dukan ya ɗaura takunkumi. A bar shi a rana awa uku ko huɗu a kife, bayan ne ke kallon rana don kada kalar ta koɗe, zafin rana da bushewa na kashe ƙwaron nan. Kafin a mayar a share simintin a goge a bari ya bushe ƙarau. Nan ne kuma za ki ga abin da ba ki zata ba, ni gara na taɓa tararwa ta fara gini a kusurwar bayan kujera.

Turaren wuta kam ban ce a daina ba, ni ma 'yar gidan ce, amma mu faɗa wa juna gaskiya, rufe wari yake ba ya cire shi. Kafet ɗin da sai an turara shi sau uku kafin baƙi su shigo wanki yake nema. Hayaƙin kuma kansa yana tayar da asma, haka na maganin sauron da ake kunnawa. Sannan yawancin kafet ɗin da muke saya a Wunti da sauran kasuwanni zaren roba ne, garwashi ɗaya ya faɗo daga kasko ya narke wurin ya bar baƙin tabo har abada, ki riƙa ɗora kaskon a kan tire.

Kada na manta sallaya. Ita ce muke sa goshi da hanci a kai sau biyar a rana, mu hau da ƙafa jiƙe da ruwan alwala, mu ninke mu ajiye da danshinta, amma sai ta yi wata shida ba ta ga ruwa ba. Ita ai wankinta ba wuya, kamar tawul ne, ki haɗa ta da zanin gado.

Yanzu maganar zubewar abu, wadda ba gidan da ta ƙyale. Doka ɗaya ce a kan komai: a danna, kada a goga. Guga tura abin take cikin gindin zaren ta kuma faɗaɗa tabon. In mai kauri ne irin miya ko kunu ko aman yaro, ki fara kwashewa da cokali daga gefe zuwa tsakiya, sannan ki ɗora tsohon tawul ki danna, ki juya wurin da bai jiƙe ba ki ƙara dannawa, sai ya daina ɗaukowa. Daga nan ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan a kofin ruwa, ɗigo biyu uku ba tsiyayawa ba, ki riƙa dangwalawa da farin tsumma kina dannawa, ki bi da ruwa zalla, ki tsane. Manja da man gyaɗa ki fara barbaɗa musu sitaci ko fulawa ya tsotse man na ɗan lokaci, ki kwashe, kafin ki zo kan sabulu. Jini ruwan sanyi kawai, na zafi dafa shi yake ya kama. Cingam ki ɗora masa ƙanƙara ya daskare ki ɓamɓare. Madara da fura da nono su ne munafukai, ba sa barin tabo sosai sai bayan kwana biyu ɗaki ya ɗauki tsami, don haka ki ɗauraye wurin da kyau ko da ido bai ga komai ba. Zoɓo in kika yi sauri yana fita, lalle kuwa rini ne, in ya kama sai dai ki ja kujera ki rufe wurin.

Fitsarin yara shi ne babba don ya haɗa wari da najasa. Mun san lokacin da wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci Manzon Allah (SAW) sa wa ya yi aka kwara guga na ruwa a wurin, amma can ƙasa ce mai shanyewa, kafet a kan siminti kuwa in kika kwara ruwa kika tafi, kin dai raba fitsarin ne ya bazu ya kwanta a ƙasa. Ki fara ɗora tawul ki taka da ƙafa ya tsotse iya tsotsewa, ki zuba ruwa, ki sake tsanewa da wani tawul ɗin, ki maimaita har sai ba launi ba wari. In kafet ɗin na ɗaguwa ki jawo wannan ɓangaren waje ko bakin ƙofa ki kwarara ruwan ya wuce ta ƙasa, ya fi kwanciyar hankali. Saboda zarni za ki iya bi da ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa. Sannan ki tura kujera 'yar tsugunno a ƙarƙashi wurin ya ɗago, ki juyo masa fanka. Dan Allah kada ki zuba bilic a kan fitsari, kuma kada ki taɓa haɗa bilic da khal, iska mai guba suke fitarwa, a rufaffen ɗaki tana iya shaƙe mutum. Duk abin da za ki sa wa kafet ma ki fara gwadawa a wata kusurwa da ba a gani, ki danna farin tsumma, in kala ta biyo shi ki tsaya nan.

Wanki gaba ɗaya a gida yana yiwuwa in ƙarami ne ko matsakaici na roba. Yadda za ki gane, ki ciro zare ɗaya daga gefe ki kusanta shi da ashana, na roba narkewa yake ya dunƙule, na ulu kuwa ƙauri yake kamar an babbaka gashi ya zama toka. In ulu ne, ko irin saƙar hannun nan masu tsada da ake kawowa tsaraba, kada ki taɓa shi da omo ko bilic ko ruwan zafi, zai zuba ya motse, wannan na masu sana'ar ne.

Ki zaɓi rana tukuna, don rabin aikin ke nan. Mafi kyau ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke hazo bai yi ƙarfi ba, sai kuma Maris da Afrilu lokacin da rana ke dukan tsakar ka. Ki fara da sassafe. Ki kakkaɓe shi a bushe sosai kafin ruwa ya taɓa shi, wanda ya tsallake wannan taɓo yake kwaɓawa a cikin kafet. Ki wanke simintin da za ki shimfiɗa a kai, wuri mai ɗan gangara. Sabulu kaɗan, kaɗan fa, rabin abin da zuciyarki ta ce, ki bi da buroshi mai laushi ta inda gashin ya kwanta. Ɗauraya ita ce wahalar kuma ita ce wankin, ki yi ta zuba ruwa kina turewa da abin jan ruwa ko gefen katako mai santsi har sai kin danna ba kumfa ko kaɗan, saboda haka in famfo bai zo ba kuma ba ki shirya sayen kurar ruwa guda ko biyu ba, ki ɗaga wankin. In kin gama ki naɗe shi ki jingina a tsaye ruwan ya tsiyaye kamar awa ɗaya, sannan ki shanya inda iska za ta bi sama da ƙasa, kan katanga ko kan benci biyu, ba a shimfiɗe a siminti ba. Kada saman ya ruɗe ki, yana bushewa da wuri, ki cusa yatsu har gindin zaren ki kuma shafa bayan, in kin ji sanyi-sanyi bai yi ba. Fumfuna na fara kama abu mai danshi cikin awa 24 zuwa 48, wannan shi ne wa'adin da kike tsere da shi.

Anan ne ni na yi asarar da na ce. Ana saura kwana uku sunan ƙanwar maigidana, cikin Agusta, na ga kafet ɗin ɗakin baƙi ya yi duhu, na sa aka kai wani wurin wankin mota. Washegari da yamma aka dawo da shi a ninke yana ta ƙamshi, na ce kai waɗannan sun iya aiki, muka shimfiɗa muka ɗora kujeru. Ashe turare suka fesa a kan danshi. Ranar suna ɗakin wari yake kamar an manta jiƙaƙƙen wanki a bokiti, wata gwaggonsu ta ja ni gefe ta ce "'yar nan, ko rufin ɗakin nan na yoyo ne?" Da muka ɗaga bayan sati baƙaƙen ɗige-ɗige sun cika bayansa, simintin har santsi yake. Na sake wankewa sau biyu warin bai tafi ba, ƙarshe yar da shi aka yi. Laifina ne rabi, ni na kai wanki tsakiyar damina na kuma ce gobe nake so.

Duk da haka ban daina kai wa masu wanki ba, na dai koyi bambancewa, kuma ina ganin kuɗin da ake ba wanda ya iya ba asara ba ne. Akwai abin da hannu ba zai yi ba. Kafet ɗin da aka malale ɗaki da shi bango zuwa bango ba ya fituwa, in kika wanke shi a wurin da bokiti kin jiƙa shi ne kawai, ba ki da hanyar fitar da ruwan. Masu aikin na gaske inji gare su mai fesa ruwan ɗumi ko na zafi da maganin wanki cikin zaren, nan take kuma ya zuƙe ruwan ya tara a wani tanki daban. Ranar da aka fara yi min na leƙa tankin, ruwan kamar na kwata bayan ruwan farko, daga kafet ɗin da na yi wa shara da safen nan. Zafi daga digiri 55 zuwa 60 na kashe ƙwaron ƙura, amma kisan kaɗai ba ya isa tunda gawar ma na sa atishawa, zuƙewar ce ke fitar da ita. Kamfanonin da ke ƙera kafet da yawa shawararsu a yi irin wannan wankin duk wata 12 zuwa 18, mu da ke da hazo da yara da ci a ƙasa ni dai sau ɗaya a shekara nake ganin shi ne mafi ƙaranci, gidan da ke da mai asma ko mai rarrafe sau biyu.

Kafin ki ba kowa ki yi masa tambayoyi, ba rashin kunya ba ne. Malam, da wane inji za ku yi, mai zuƙewa ne ko mai feshi kawai? Da wane sabulu? A ina za ku shanya, kwana nawa? Wanda ya ce miki ko wane iri ne duk wanki ɗaya ne, ko bai ko juya kafet ɗin ya duba bayansa ba, ki ɗauki abinki. Wurin wankin mota ba duka ne marasa kyau ba, ga kafet ɗin roba mai araha injin feshinsu na fitar da datti sosai, sai dai in an matso da bakin injin kusa yana tsinka zare ya ɓamɓare gam ɗin baya, kuma ki duba ƙasan da za su shimfiɗa a kai, wani wurin baƙin mai ne malale, buroshin da aka wanke taya da shi kuma shi za a ɗauko. Ki ɗauki hoton kafet ɗin a waya gaba da baya kafin ki bayar, ki nuna musu tabon da ke jiki ki faɗi ko na mene ne, ku gama ciniki tun kafin ruwa ya taɓa shi. Ki guji satin sallah, lokacin kowa ya kawo nasa, jibge su ake yi kan juna ana sauri, ki kai naki sati biyu ko uku kafin nan. Ranar karɓa kuma ki sa a warware a gabanki, ki shafa bayan, ki sa hanci a tsakiya ba gefe ba, in ƙamshin turare ya yi yawa ki yi zargi. In gida suka zo suka yi, a buɗe tagogi a kunna fanka, kada a mayar da kujeru sai ya bushe don ƙafar kujera na barin tsatsa ko kalar katako, kuma in ya wuce awa 24 da danshi ki kira su, ba su zuƙe da kyau ba. Wanda ambaliya ko ruwan kwata ya shiga ya kwana biyu a jiƙe kuwa kada ma ki wahalar da kowa, ya tashi aiki.

Wanki ba ya maye gurbin asibiti, wannan likitan ya ja min kunne a kai. Asma ba abin wasa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da ita a 2019, kuma ta kashe dubu 455 a shekarar. Yaron da ke tari cikin dare, ko ƙirjinsa na kuka, ko numfashi na yi masa wuya in ya yi gudu, a kai shi a duba, in an ba shi abin shaƙa a riƙe shi hannu biyu a bar cewa wai sabo ake da shi. Ya kuma ce min kada na ɗora wa kafet laifin duka, katifa da filo sun fi shi tara ƙwaron nan tunda nan yaro ke kwana yana gumi, don haka zanin gado da rigar filo duk sati da ruwan zafi, katifa da filo a riƙa fitarwa rana.

Ɗakin yara dai ƙarshe cire kafet ɗin muka yi gaba ɗaya, muka sa leda da ake gogewa kullum da tabarmar roba da nake wankewa duk Juma'a. Surukata da ta zo ta leƙa ta ce "wannan ɗaki haka fayau kamar na gwauro?" na ce Hajiya jikanki ne ya kore shi. Atishawar safe ta ragu sosai, abin shaƙarsa dai na nan a jakar makaranta. Na falo kuma tun da ruwa ya yi ƙarfi a Yuli na sa aka naɗe shi aka ɗora kan benci a sito, ba a ƙasa ba saboda rima da gara, sai ƙarshen Oktoba in Allah ya kai mu za a kai wanki a dawo da shi.